Yawan Jama'a da Haƙƙin Wanda Aka Haifa

A ranar 15 ga Nuwamba 2022, bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan Adam da ke numfashi a bayan ƙasa suka cika biliyan 8, alhali kuwa a shekarar 1804, watau shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, duk mutanen duniya gabas da yamma ba su wuce kimanin biliyan 1 ba. Da labarin ya bazu sai jama'a suka rabu gida biyu kamar yadda suka saba. Wasu suka yi hamdala, suna cewa mutum rahama ne, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Wasu kuwa suka riƙe haɓa, suna tambaya ina gonar da za ta ciyar da wannan taro, ina ruwan sha, ina makaranta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma kafin a shiga gardamar ko ƙasa za ta iya ɗaukarmu, akwai mas'alar da ta riga wannan, wadda ba ta masu lissafi ba ce, ta masu rarrabe daidai da ba daidai ba ce: wanne ya fi alheri, mutane masu ɗimbin yawa cikin ƙuncin da ake iya jurewa, ko mutane kaɗan cikin yalwa? Kuma wa aka ba ikon riƙe wannan ma'auni?

Gardamar ba ta yau ba ce. Ibn Haldun, wanda annobar shekarar 1348 ta ɗauke iyayensa biyu a Tunis, ya ga yadda birane suka zama kufai bayan mutanensu sun ƙare, don haka da ya zauna rubuta Muƙaddima a 1377 sai ya nuna cewa yawan jama'a shi ke haifar da yawan sana'o'i, sana'o'i kuma su ke haifar da arzikin gari. Bayansa da fiye da shekara 400 wani limamin kirista na Ingila, Thomas Malthus, ya zo a 1798 da akasin haka, ya ce mutane suna ninkuwa da saurin da abinci ba zai iya bi ba, saboda haka yunwa da cuta da yaƙi ne za su riƙa rage su. Tarihi ya ƙaryata Malthus a wurare da yawa, domin takin zamani da ingantaccen iri sun ciyar da adadin da bai taɓa mafarki ba, kuma Amartya Sen, masanin tattalin arziki mutumin Indiya, ya nuna cewa yunwar Bengal ta 1943 ba ƙarewar shinkafa ce ta kawo ta ba, rashin abin saye ne a hannun talaka. Wannan duk bahasi ne na abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Bahasin abin da ya kamata kuwa, wanda ya fi shi zurfi, wani malamin falsafa na jami'ar Oxford ne, Derek Parfit, ya fito da shi fili a littafin da ya wallafa a 1984.

Ga yadda hujjar take, in an sauƙaƙa ta. A ƙaddara wata duniya mai mutum biliyan 10, kowanensu yana cikin lafiya da ilmi da wadata da kwanciyar hankali iyakar abin da ɗan Adam zai yi buri. Sai a ƙaddara wata duniyar ta biyu, wadda ta ninka ta farko yawa, amma jin daɗin kowane mutum ya ragu kaɗan, raguwar da ba ta kai rabi ba. In dai alheri abu ne da ake tarawa a haɗa jimla, to duniya ta biyu ta fi ta farko, tun da abin da aka samu ta wajen yawa ya zarce abin da aka rasa ta wajen kason kowa. Wanda ya yarda da wannan taki na farko ba shi da dalilin ƙin na biyu, ko na uku, ko na ɗari, domin kowane ɗaya ƙiyasi ne a kan wanda ya gabace shi. Haka za a yi ta ja da shi, ana ƙara yawa ana rage daɗi, har a kai shi wata duniya mai mutanen da ba su ƙirguwa, waɗanda rayuwar kowanensu ba ta fi rashinta ba sai da ɗan ƙiris, ba yunwa mai kisa, ba kuma ƙoshi, ba baƙin ciki mai tsanani, ba kuma farin cikin da za a tuna, a ce masa wannan ita ce mafificiyar duniya. Parfit da kansa ya kira wannan natija abar ƙyama, ya kuma ci gaba da neman ƙa'idar da za ta kuɓutar da mai hankali daga gare ta har ya rasu a 2017, ba tare da ya sami wadda ta gamsar da shi ba.

Mai karatu zai ce ai mafita a fili take: a bar jimla, a dubi matsakaicin rabon kowa, duk ƙasar da kason mutum ɗaya ya fi yawa ita ta fi. To, amma wannan ƙofa tana buɗewa ne zuwa ɗakin da ya fi na farko duhu. Bisa wannan ƙa'ida, gari mai attajirai goma ya fi gari mai mutum dubu masu rufin asiri, kuma haihuwar ɗan talaka, ko da zai rayu cikin lafiya da mutunci ya mutu yana godiya ga Ubangijinsa, ta zama ɓarna ke nan, saboda kawai ta rage matsakaicin lissafi. Daga nan zuwa cewa a hana matalauta da naƙasassu haihuwa tafiya ce gajeriya, kuma an yi ta: a Amurka an yi wa dubban mutane aikin hana haihuwa bisa doka a farkon rabin ƙarni na 20, a kan zargin tawayar hankali, Jamus ta zamanin Hitler kuma ta ɗauki abin ta kai shi inda kowa ya sani.

Ni a tawa fahimtar, aibin ba a tsakiyar ƙiyasin yake ba, a muƙaddimarsa yake, domin duka hanyoyin biyu sun ɗauki ɗan Adam tamkar mudu a hannun ma'auni a kasuwar Dawanau, wanda darajarsa ita ce hatsin da aka zuba a cikinsa, ɗaya yana ƙirga yawan mudu, ɗaya yana duban cikarsa. Mutum kuwa ba mazubin jin daɗi ba ne, ma'abucin haƙƙi ne, wanda ake iya zalunta, ake iya cika wa alkawari, ake iya tsayawa da shi gaban alƙali. Wanda ba a halicce shi ba tukuna, ba a ko ɗauki cikinsa ba, ba shi da wata ƙara da zai ɗaukaka a kan cewa an hana shi zuwa duniya, don babu shi balle a cuce shi. Amma wanda aka riga aka haifa, aka yi masa huɗuba a kunne, aka yanka masa rago, wannan ya zama mai bin bashi tun daga ranar, kuma bashin nan ba ya faɗuwa don an haifa masa ƙanne goma. Wannan bambanci tsakanin maujudi da ma'adumi, wanda ɗalibin fiƙihu ya saba da shi tun yana zaure, shi ne abin da lissafin jimla ya shafe.

Ana iya cewa wannan duk wasan ƙwaƙwalwa ne na malaman jami'a, da a ce hukumomi ba su taɓa ɗaukar ma'aunin nan da hannunsu ba. Sun ɗauka kuwa, ta ɓangarori biyu. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa mutum fiye da miliyan 6 aikin hana haihuwa cikin shekara guda, galibinsu talakawa, da yawansu ba da son ransu ba, har abin ya zama cikin dalilan da suka kayar da Indira Gandhi a zaɓen 1977. Ƙasar Sin ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, ba ta janye ta ba sai a ƙarshen 2015, bayan an zubar da ciki na dole ba adadi, kuma son ɗa namiji ya sa aka kai ga haihuwar maza fiye da 115 a kan kowace mace 100; ga shi a 2022 jama'arta ta fara raguwa, hukuma ta dawo tana lallashin mutane su haifi uku, su kuwa sun ƙi. A Romaniya akasin haka aka yi: a 1966 mai mulkin ƙasar, Ceausescu, don yana son ƙasa mai yawan ma'aikata, ya hana zubar da ciki ya toshe hanyoyin tsara haihuwa, haihuwa ta kusan ninkawa cikin shekara ɗaya, amma da mulkinsa ya faɗi a 1989 sai aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu, da yawansu iyayensu na raye, sun kasa riƙe su ne kawai. Mai rage mutane da ƙarfi da mai ƙara su da ƙarfi duka laifi ɗaya suka yi, sun mai da mahaifar mace gonar hukuma.

Malamanmu na Musulunci ba su gina mas'alar a kan jimla ko matsakaici ba, sun gina ta a kan haƙƙoƙi da niyya, kuma abin mamaki ne yadda masu yawan ambaton addini a wannan babi suke karanta rabin shafi su rufe littafi. Gaskiya ne Alƙur'ani ya haramta kashe 'ya'ya don tsoron talauci, a Suratul An'am da Suratul Isra'i, ya kuma tabbatar da cewa arziki na Allah ne. Gaskiya ne an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da aure da haihuwa, kuma zai yi alfahari da yawan al'ummarsa. Kiyaye zuriya kuma yana cikin manufofin shari'a guda biyar da Imam Shaɗibi ya yi bayaninsu. Amma Alƙur'anin nan dai shi ne ya tuna wa Musulmi ranar Hunaini, sa'ad da yawansu ya burge su bai kuwa amfane su da kome ba, kuma a cikin Sunan na Abu Dawuda akwai hadisin da ya yi gargaɗin wani zamani da al'umma za ta yi yawa ƙwarai amma ba ta da nauyin da abokan gaba za su ji. Kiyaye rai da kiyaye hankali su ma suna cikin manufofin nan biyar, ba a kuwa ce a sayar da su a sayi zuriya ba.

In aka sauko kan hukunce-hukunce, abin ya ƙara fitowa sarari. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda mai Risala ya kawo, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, 'ya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Ba sadaka ba ce, ba kuma abin da ake miƙa wa maƙwabta ko masu wucewa a bakin titi ba ne. Ayar shayarwa a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Imam Malik a Muwaɗɗa ya halatta azalu, watau zubar da maniyyi a waje, da sharaɗin a nemi izinin mace 'ya, wanda ke nuna cewa ita ma tana da ta cewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi niyyoyin masu yin azalu ɗaya bayan ɗaya a cikin Ihya'u, ya ce wanda ya yi don tsoron halakar matarsa wajen haihuwa, ko don tsoron kada yawan iyali ya tura shi neman abinci ta mummunar hanya, bai yi haram ba, ko da yake cikakken tawakkali ya fi falala. Wanda ya yi don ƙin 'ya'ya mata kuwa, wannan ya zarge shi, ya danganta niyyarsa da ta jahiliyya. Duba fa yadda malamin bai tambayi yawan mutanen Bagadaza ba. Ya tambayi mutum ɗaya abin da ke zuciyarsa da abin da zai iya ɗauka.

Mu a nan ƙasar, yawan jama'a ya daɗe da zama makamin siyasa, shi ya sa ba ma iya zancensa da sanyin rai. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima, ta 1963 ta ba da miliyan 55.6 har gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara kotu, ta 1973 Janar Murtala ya soke ta bayan ya hau mulki, ta 2006 ta ba da miliyan 140 ta kuma ɗora Kano a kan Legas, Legas ta ce ba ta yarda ba, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Dalilin duk wannan a bayyane yake: da yawan kai ake raba kujerun majalisa, da shi ake raba wani kaso na kuɗin tarayya, da shi ake cin zaɓe, har ya zama karin maganar nan ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ta koma taken 'yan siyasar Arewa. Ba na ƙin su yi alfahari da yawanmu. Abin da nake ƙi shi ne a ƙirga yaro ranar rabon arzikin ƙasa, a karɓi kasonsa da sunansa, sa'an nan a manta da shi ranar rabon kujerar aji da allurar rigakafi. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 da suka isa shiga firamare ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wanda ya ci amanar waɗannan ba shi da bakin kiran yawansu albarka.

Kada kuma a ɗauka cewa yawa shi kaɗai ne ke kawo talauci, domin ƙasar Kano kanta hujja ce a kan masu faɗin haka. Wanda ya taɓa bin ƙauyukan da ke kewaye da birni da rani ya ga jakuna jere da mangala, suna fitar da taki daga cikin gari, ana zuba shi tsibi-tsibi a gona yana jiran ruwan farko. Ya ga gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ya ga harawa an ɗaure ta dami-dami an ɗora a kan reshe ko a kan soro don tumaki, waɗanda su kuma kashinsu zai koma gonar. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Zariya da Kano ya kuma yi shekaru yana nazarin wannan yanki, ya nuna cewa manoman nan suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuwa ba ta mutu ba, saboda yawan hannu ne ya sa ake iya yi mata wannan hidima. A jihohin Maraɗi da Damagaram ma, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma sun raya gawo da sauran itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5, a daidai lokacin da jama'ar Nijar ke ninkuwa daga ƙasa da miliyan 4 a 1960 zuwa fiye da miliyan 25 a yau. Ibn Haldun bai yi ƙarya ba. Sai dai hikimar manomi tana da iyaka, domin gonar da kaka ya noma shi kaɗai, in aka raba ta gado sau biyu tsakanin 'ya'ya da jikoki, kason kowa ba zai cika rumbu ba ko an zuba masa takin duniya, kuma burtalin da makiyayi ke bi da shanunsa shi ake fara cinyewa.

Akwai kuma wadda ba a cika tambaya ba, alhali a jikinta ake yin duk wannan lissafi. Shiga ɗakin awon yara a kowane ƙaramin asibiti na karkara da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, za ka tarar da ita zaune a kan benci, goyo a baya, ciki a gaba, a cinyarta kuma ga wani ɗan shekara biyu da aka yaye ba shiri saboda kwanika, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, ma'aikaciya ta zagaya damtsensa da ɗan tef ɗin awo ya tsaya a kan ja. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace tana haihuwar kimanin 'ya'ya 6.6 a rayuwarta, a Kudu maso Yamma 3.9, amma a Arewa maso Yamma yara 187 cikin kowane 1,000 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar, a Kudu maso Yamma 62. Waɗannan lambobi biyu ba a karanta ɗaya a bar ɗaya. Al'ummar da ta san wabi, ta raɗa wa 'ya'yanta Ajuji da Ayashe da Barau don roƙon su tsaya, ba za a ce mata ta rage haihuwa ta saurara ba, tun da uwa ba ta san nawa za a bar mata ba, uba kuma ba shi da fansho sai 'ya'yansa. Yawan haihuwarmu, rabinsa son 'ya'ya ne, rabinsa tsoron kabari ne. Iyayenmu na da kuwa sun san tazara tun kafin a zo da ƙwaya ko allura: mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta shayar shekara biyu, kuma wadda ta yi kwanika har gori ake yi mata. Mu ne muka saki wannan al'ada ba mu kama wata ba.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce wannan kiɗan Turawa ne, kuma zarginsu ba daga iska ya faɗo ba. A 1974 an rubuta wa gwamnatin Amurka wani rahoton sirri ƙarƙashin Henry Kissinger, wanda ya lissafa ƙasashe 13 da ƙaruwar jama'arsu ke damun maslahar Amurka, Nijeriya tana ciki. Manufar gwamnatin Babangida ta 1988, mai shawartar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ba ta karɓu a Arewa ba, kuma irin wannan shakka ce ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, abin da ya jawo cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Akwai kuma rashin kunya a bakin mai cewa haihuwar talakan Afirka ce ke ɗumama duniya, alhali hayaƙin da mutumin Amurka ɗaya ke jawowa a shekara ya ninka na ɗan Nijeriya fiye da sau 20. Duk na yarda da wannan. Amma mugun nufin baƙo ba ya sauke wajibin mai gida, kuma yaron da ke kwana a tashar mota da roba a hannu ba Kissinger ne ya haife shi ba.

Ƙasashen Musulmi biyu sun nuna cewa akwai hanyar da ba ta tilas ba. A Iran, bayan an gama yaƙi da Iraƙi, gwamnatin malamai ce da kanta ta farfaɗo da shirin tsara iyali a 1989, da fatawar malamai, da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, da karantar da 'ya'ya mata, sai haihuwa ta sauko daga fiye da 6 zuwa kimanin 2 cikin shekarun da ba su kai 20 ba, har daga baya hukuma ta ga saukar ta yi yawa ta juya akala. Bangladesh, mai mutum kimanin miliyan 170 a ƙasar da ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin Nijeriya ba, ta yi irin wannan tafiya ta hanyar mata ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida. A ƙasarmu ma binciken nan na 2018 ya nuna macen da ba ta yi makaranta ba tana haihuwar 6.7, wadda ta wuce sakandare kuwa 3.4, ba tare da wata doka ta hana ta ba. In yara suka daina mutuwa, 'ya'ya mata suka zauna a aji, miji da mata suka sami abin da za su tsara haihuwarsu da shi in sun so, adadi yakan daidaita kansa, kuma wanda ya zaɓi goma yana iya riƙe su babu mai ikon ce masa don me.

Saura wani sashe na mas'alar da bambancin maujudi da ma'adumi bai warware shi duka ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Ko da yake ba wani mutum takamaimai da ke bin mu bashin a haife shi, tabbas ne cewa wasu za su zo bayanmu, ko su wane ne, za su kuma tarar da rijiyar da muka bari da dajin da muka sare. Shari'a ba ta jahilci wannan ba: Malikiyya suna dakatar da rabon gado in akwai ciki har a haihu, ana yin waƙafi ga zuriyar da ba a gani ba, kuma Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ƙi raba ƙasar noman Iraƙi tsakanin mayaƙan da suka ci ta, duk da matsin wasu manyan sahabbai, don kada waɗanda za su zo daga baya su tarar an cinye. Majalisar Ɗinkin Duniya tana hasashen jama'ar Nijeriya za su haura miliyan 350 a 2050, kuma mafi yawan iyayen da za su haifi waɗannan an riga an haife su, tun da fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka ko da kowane gida ya soma tazara daga daren yau, adadin zai ci gaba da hawa shekaru masu yawa, kuma abin da ya rage a hannun gwamnoni da sarakuna da malamai da iyaye shi ne yarinyar da ke aji uku na firamare yanzu: ko za ta kai aji shida ta wuce, ko za a sami ungozoma mai horo kusa da ita ranar da za ta yi haihuwar fari, ko kuma mijinta zai taɓa jin limamin unguwarsu ya karanta babin nafaƙa a kan mumbari da irin ƙarfin muryar da yake karanta falalar yawan zuriya.